'Yar Haya a Gidan Kamfaninta

Shekarunta sittin da ɗaya, tsohuwar shugabar makarantar firamare ce, mijinta ya rasu, kuma tana zaune a hawa na biyu na wani tsohon bene da ba nata ba. Duk gidan, Malama ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ɗaki biyu ne da falo da ɗan madafi, tagar falon tana kallon babban titi. Tun aurenta take nan. A nan ta haifi 'ya'yanta mata biyu, waɗanda yanzu kowacce tana gidanta a wani gari, kuma ta wannan matattakalar aka sauko da gawar mijinta.

Benen na wani kamfanin gidaje ne mai rukunin gidajen haya da shaguna a birnin. Marigayi mijinta direban kamfanin ne. Wata shekara da albashi ya yi wuya, aka ba ma'aikata hannun jari a madadin wani ɓangare na haƙƙinsu. Da ya ga ana ɗan raba riba a ƙarshen shekara, sai ya riƙa ƙara saye kaɗan-kaɗan. Bayan rasuwarsa 'ya'yan suka bar wa uwarsu duka. Don haka duk wata tana biyan kamfanin kuɗin haya, duk shekara kamfanin yana aiko mata da rabonta na riba, kuma ba ta taɓa haɗa abubuwan biyu a ranta ba. Ɗaya fita ne, ɗaya shigowa, kamar kuɗin wuta da fansho.

Sai rabon ribar ya tsaya. Shekarar farko aka ce a yi haƙuri, ta biyu ma haka. A ta uku ne labari ya iso mata ta hanya biyu a mako guda. Na farko Tela ne ya hau da shi. Tela ke da shago a ƙasan benen, shi ne kuma sakataren ƙungiyar 'yan hayar gidan, wadda Malama take shugabarta saboda ita kaɗai ke iya sa ɗaki ya yi tsit da kallo ɗaya.

"Malama, an sayar da mu," in ji shi tun daga bakin ƙofa, yana haki.

"Wa zai saye ka? Shigo ka zauna, ka yi magana kamar mai hankali."

Ya zauna a bakin kujera, ya ce wasu mutane sun zo da na'ura mai ƙafa uku suna auna harabar gidan, da ya matsa musu da tambaya suka ce za a rushe benen a gina ofisoshi. Malama ta ce jita-jita ce. Kafin makon ya ƙare sai ga rahoton shekara na kamfanin ya iso, mai kauri kamar ƙamus, haɗe da gayyatar taron masu hannun jari. A taron za a kaɗa ƙuri'a a kan abu ɗaya: a sayar da tsohon benen ko a bar shi.

Rahotannin baya ba ta taɓa buɗe ko ɗaya ba, guda biyu ma su ke tokare da ƙafar teburin madafi. Wannan karon ta sa tabarau, ta ɗauko jan biro, ta zauna masa kamar yadda take zama wa takardun jarrabawa. A shafin farko shugaban kamfanin yana murmushi, yana cewa riba ta zarce ta bara. A can tsakiya aka ce ba za a raba ko sisi ba saboda babu kuɗi a hannu. Ta ja layi a ƙarƙashin duka biyun, ta rubuta a gefe: "Wanne ne gaskiya? Ka zo ka same ni." Ta ci gaba har ƙarshe, kanta yana ƙara ɗaurewa. Daga nan ta kira 'yar ƙaninta, wadda ke aiki a ofishin dillalan hannun jari. Akanta take kiranta, rabi yabo rabi zolaya, don ita ta koya mata tarawa da ɗebewa a wannan teburin.

Akanta ta zo ranar hutu da safe, ta buɗe rahoton, ta tuntsire da dariya.

"Goggo, maki kika ba su?"

"Huɗu cikin goma. Biyu na tsabtar aiki ne. Ke bar dariya ki faɗa mini, yaya mutum zai ci riba kuma ya ce ba shi da kuɗi?"

Akanta ta jawo kujera. Ta ce riba iri biyu ce a irin wannan kamfani. Akwai wadda ta shiga aljihu, wato kuɗin haya bayan an cire albashi da gyare-gyare da haraji. Akwai kuma wadda take kan takarda kawai. Duk shekara kamfanin yana ɗauko masu ƙiyasta kadara su duba gidajensa, idan suka ce darajarsu ta hau, sai a rubuta ƙarin a matsayin riba, ko da ba a sayar da ko bulo ɗaya ba. Ribar bana kusan duk irin ta biyun ce.

"To wane gida ne darajarsa ta hau haka?"

Akanta ta juya shafi, ta bi layi da yatsa, ta ɗago. "Wannan da muke ciki."

Malama ta ɗaga kai ta kalli silin. Akwai wani tabon ruwa a kusurwa da ya girmi Akanta. Bangon ƙarƙashin taga ya tsage, famfon banɗaki kuma sai an lallaɓa shi.

"Wannan? Ko dai mai ƙiyasin makaho ne?"

"Ba ginin ba ne, Goggo, filin ne. Da can nan bakin gari ne, yanzu tsakiyar gari ne. Ginin ma ragi yake yi wa filin, don sai an biya masu rushewa."

"Mu kuma da ke ciki?"

Akanta ta ɗan sosa kunne. "Ƙiyasin na filin da ba kowa a kansa ne."

Malama ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

Suka shiga batun bashi. Kamfanin ya ci bashin banki ya gina sabon rukunin gidaje a wajen gari, gidajen ba su cika da 'yan haya ba, kuɗin ruwan bashin kuma yana cinye kusan duk hayar da ake tarawa, har da tata. Akanta ta nuna mata yadda ake yi: a haɗa duk kadarar kamfanin, a cire bashi, a raba abin da ya rage a kan yawan hannun jarin. A wannan lissafin, in ji ta, abin da ya kai goma a takarda, uku ake sayensa a kasuwa.

"To kasuwar ce ba ta iya lissafi ba, ko takardar ce maƙaryaciya?"

"Babu ko ɗaya. Kasuwa tana cewa ne, na ji filinka ya yi tsada, amma ban ga kuɗin ba, bashinka kuwa ina ganinsa. In aka sayar aka biya banki, farashin zai tashi. In ba a sayar ba, wata rana bankin ne zai sayar da kansa, ku tashi ba gidan ba jarin."

"Wato kuɗina suna ƙarƙashin gadona, amma ba zan taɓa su ba sai an yi waje da ni da gadon."

"Kusan haka."

"Ke wanne za ki zaɓa?"

"A matsayin mai jari, a sayar. A matsayin 'yar haya, kada a sayar."

"Ai ni mutum ɗaya ce, 'yar nan."

Malama ba ta saba yarda da abin da ba ta gani da idonta ba. Ta hau motar haya ta tafi sabon rukunin gidajen, da niyyar ta gane daga labulen tagogi ko akwai mutane a ciki. Ta tarar da gidaje masu labule reras amma ƙofarsu ta yi ƙura, ga wasu ba labule amma shanya ta cika baranda. Mai gadin wurin ya ce wasu sun biya ba su tare ba, wasu sun tare ba su biya ba, wasu kuma shi ma bai san matsayinsu ba. Ta dawo da ciwon ƙafa, ba ta ƙaru da komai ba.

Abu ɗaya dai ta sani ba tare da rahoto ba: ba ta son tashi. Kuma akwai abin da ta iya fiye da kowa. A shekarun da ta yi tana shugabancin makaranta, ba a taɓa kayar da ita a taron iyaye da malamai ba. Dabarar ba ta da wuya. Kafin ranar taro sai ta bi gida-gida, ta tabbatar nata mutanen sun cika aji, idan aka ce a ɗaga hannu sai a ƙirga kawuna, magana ta ƙare. Da haka ta samo wa makarantar rijiya, da haka ta hana a mayar da filin wasa wurin ajiye motoci.

Ta kira Akanta a waya ta yi mata tambaya biyu. Wa ke da izinin shiga taron? Duk mai hannun jari, komai ƙanƙantarsa. Ana iya ba wani kyauta? Ana iya, sai dai akwai mafi ƙarancin adadin da ofishin rajista ke yarda a sauya wa suna, akwai kuma ɗan kuɗin aiki. Tambaya ta uku ba ta yi ba, don ba ta san akwai ta ba. Dalilinta ma ba ta faɗa ba, saboda ta lura zuciyar Akanta tana wajen a sayar. Akanta ta ɗauka sadaka ce goggonta take yi don marigayi, ta yi ɗan gunaguni, ta cika takardu. Kowane magidanci a benen ya samu, da matan da ke riƙe da gidajensu, da masu shagunan ƙasa. Da aka gama, kashi ɗaya cikin uku na jarin Malama ya fita daga hannunta.

Tela ne kaɗai ya san shirin, kuma ya ji daɗinsa ƙwarai.

"Malama, yanzu ni ma mai kamfani ne ke nan?"

"Na kwana ɗaya. Ka zo da wuri, ka sa rigar kirki, kada ka yi magana."

"To in na ƙi biyan haya, kaina na cuta ko ke?"

"Ka gwada ka gani."

An yi taron a zauren wani otal, mai sanyin na'ura da kujeru masu laushi. Mutanen benen suka cika tsakiyar zauren, kowa ya sha ado, Malama a gaba da jakarta a kan cinya. Sauran mahalarta ba su da yawa: wasu tsofaffi da suka zo don lemo da ɗan abin taɓawa, sai mutum biyu masu kwat a layin farko, kowanne yana duba wayarsa. Shugaban kamfanin ya yi jawabi, an haska zane-zane a bango, layin bashi yana hawa, layin kuɗin hannu yana sauka. Malama ta gane zanen, abin da ya ba ta mamaki, kuma ta ga ba ƙarya a ciki, abin da ya ɓata mata rai. Ta miƙe ta yi magana a kan tsofaffin da ke gidan da yaran da makarantarsu ke bayan layi. An tafa mata, har ɗaya daga cikin masu kwat ɗin ya gyaɗa kai.

Da aka ce waɗanda ba su yarda a sayar ba su nuna, tsakiyar zauren gaba ɗaya ta ɗaga hannu. Tela ya ɗaga biyu. Malama ta waiwaya ta ƙirga da ido kamar yadda ta saba, ta ga sun ninka sauran, ta gyara zama.

Sai sakatariyar kamfanin ta matso da bakinta kusa da abin magana, ta yi godiya, ta ce bisa ƙa'idar kamfanin, a irin wannan batu ba mutane ake ƙirgawa ba, yawan jarin da kowa ke riƙe da shi ake ƙirgawa. Aka raba 'yan katunan ƙuri'a. Malama ta juya ta kalli Tela, Tela ya kalle ta, hannunsa ɗaya har yanzu yana sama.

"Me take nufi, Malama?"

"Sauke hannunka."

Ba a daɗe ba aka karanta sakamako. Masu kwat ɗin nan biyu su kaɗai suna riƙe da fiye da rabin kamfanin. Duk mutanen benen, a haɗa da ita, ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Ɗaya daga cikin masu kwat ɗin wakilin wani banki ne. Da aka tashi ta tare ɗayan a bakin ƙofa ta tambaye shi daga ina yake. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce shi wakilin asusun fansho ne na malaman makaranta, kuma ya zaɓi a sayar ne don kare kuɗin tsofaffin malamai.

"Irina ke nan," in ji Malama.

"Ashe Mama tamu ce! To ai don ku muke yi."

Ta rasa ko godiya za ta yi masa ko faɗa, sai ta ce ya gaida gida.

Akanta ta ji labarin a ofis kafin goggonta ta isa gida. Ta zo da yamma ranta a ɓace.

"Goggo, da kin faɗa mini! Kalma ɗaya ce!"

"Da na faɗa miki za ki hana ni."

"Ai shi ne amfanin faɗar!"

"To wane irin taro ne mutum biyu za su rinjayi ɗaki guda? In haka ne me ya sa aka jera kujeru?"

Sai dariya ta ƙwace wa Akanta, ta yi ta yi har da hawaye, Malama tana hararar ta.

Abin da ya biyo baya ya ƙara rikita ta. Cikin 'yan makonni farashin hannun jarin ya kusa ninkawa. An ba 'yan haya wa'adi zuwa ƙarshen shekara, da ɗan abin sallama. Ta zata mutanen benen za su ji haushinta, tunda ta kwashe su ta kai su an kunyata su. Sai ga su suna hawowa ɗaya bayan ɗaya suna godiya. Magana ta bazu cewa Malama ta hango komai tun farko, ta san za a sayar, shi ya sa ta raba musu jarin don kowa ya samu na kama wani wuri. Ta ce ba haka ba ne, kuskure ta yi. Suka ce ka ji halin manya, ba sa son yabo. Wata tsohuwa a hawa na uku ta sayar da nata ta biya kuɗin motar kwasar kaya, ta riƙe hannun Malama tana kuka tana sa mata albarka.

Tela kuwa ya koyi duba farashi a waya. Kullum ta sauko sai ya leƙo daga bayan keken ɗinki.

"Malama, yau mun tashi!"

"Ai kuwa za mu tashi, ƙarshen shekara."

"Ina nufin a kasuwa. Kin san ni tun farko na ga alamar filin nan zai yi kuɗi."

"Kai da ka hau bene kana haki kana cewa an sayar da kai?"

Saura tambayar abin da za ta yi da jarin da ya rage. Ta sake zaunar da Akanta. Akanta ta ce idan kuɗin filin suka tafi wajen biyan bashi, kuɗin ruwa zai ragu, watakila a dawo da rabon riba, farashi ya ƙara hawa. Amma kuma kamfanin ya sayar da gidan da bai taɓa zama ba kowa ba, ya riƙe waɗanda ba su cika ba, kuma fili irin wannan ba shi da na biyu da zai sayar baɗi.

"To in sayar ko in riƙe?"

"Ya danganta, Goggo."

"Duk shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa ba yaro maki a kan 'ya danganta' ba."

"Shi ya sa mu ba a ba mu maki, kamasho ake ba mu."

A ƙarshe ba rahoton ne ya yanke hukunci ba, wa'adin ne. Ta sayar da duka. Akanta ta faɗa mata sau ɗaya, ba ta maimaita ba, cewa da ba ta raba kashi ɗaya cikin ukun nan ba, da kuɗin sun isa ta sayi ɗan gida nata na kanta a bakin gari. Yadda suke yanzu, haya za su biya na wasu shekaru, da ɗan saura. 'Ya'yanta sun ce ta koma wurinsu, ta ce ba yanzu ba. Mako guda bayan ta sayar, farashin ya ƙara hawa. Mako na gaba ya sauko ƙasa da inda ta sayar. Ta roƙi Tela ya daina faɗa mata, bai daina ba. Nasa yana nan bai sayar ba, kuma duk wanda ya kawo ɗinki sai ya sha bayani a kan bambancin ribar takarda da ribar aljihu, sau da yawa a juye.

Idan aka tambaye ta yanzu ko kamfanin na kirki ne, takan ce ta karanta rahotonsa daga farko har ƙarshe, ta halarci taronsa, ta zauna a gidansa fiye da rabin rayuwarta, kuma ba ta sani ba.

Ta samu ɗaki biyu a ƙasa, ba hawa, a gidan wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke karɓar hayarsa da kansa. Jiya da safe ta ari tef ɗin awo a wurin Tela, ta auna faɗin babban kabad ɗin marigayi, ta hau mota ta je ta auna ƙofar sabon ɗakin. Kabad ɗin ya fi ƙofar da kamar yatsa biyu. Ta sake aunawa, ta samu haka. Sai ta tambayi mai gidan ko ya san kafintan da zai iya kwance shi ya mayar ba tare da ya fasa madubin jikinsa ba.